Ƙura Ce, In Ji Idwal

Idwal Cadwaladr abokin aikina ne shekara da shekaru a mahaƙar dutsen rufi ta garinmu, Garnwen, a wata ƙasar tsaunuka da ke maƙwabtaka da Ingila. Rumfa ɗaya muke zama, shi yana tsaga dutsen falle-falle, ni ina datse gefuna. Gajere ne kakkaura, mai faɗin ƙirji, ga surutu kamar an kunna rediyo. Idan aka tashi cin abincin rana aka taru a ɗakin shayi, shi ke fara gardama kuma shi ke rufe ta, ko a kan siyasa ce ko a kan wa'azin Lahadi. Amma abin da aka san shi da shi har garuruwan da ke bayan tsauni shi ne busa. Shi ne babban mai busa ƙaho a ƙungiyar badujalar gari, ni kuma ina kaɗa babbar ganga a bayansa. Yakan ce an ba ni ganga ne don ita kaɗai ce ba a buƙatar ƙwaƙwalwa kafin a kaɗa ta.

Ƙurar dutse ce ta kashe mahaifinsa, ita ta kashe yayansa Emrys. Wannan ba abin mamaki ba ne a wurinmu. Duk wanda ya daɗe a rumfa ya san tana jiransa, sai dai ta yi jinkiri. Mutum zai fara tsayawa hutu a tsakiyar hawan tudu, daga nan ya daina hawan, daga nan a fito masa da kujera ƙofar gida. Masu wucewa su ɗaga masa hula, a tsaya a taɓa hira. Ciwo ne na wanda ya ci da guminsa, ba wanda ke jin kunyarsa.

Tarin fuka kuwa daban ne. Ko sunansa ba a faɗi da ƙarfi. Gidan da ya shiga, mata kan hana 'ya'yansu wasa a ƙofarsa, kuma idan ana maganar aure sai wata tsohuwa ta rage murya ta ce, "Akwai shi a jininsu." Idwal ya san wannan tun yana ƙarami. Yayarsa Gwenda ta kamu da shi tana budurwa, aka kai ta asibitin masu tari da ke can kan tudu, ba ta dawo ba. Uwarsu tana sayar da man shanu da ƙwai a lokacin, maƙwabta suka daina saye ba tare da wani ya ce uffan ba. Duk tsawon zamana da shi, sau ɗaya na ji sunan Gwenda a bakinsa.

Ya auri Menna, mace mai haƙuri da iya dafa romon tunkiya da dankali, suka haifi 'ya ɗaya tal, Eluned. Yarinyar ta taso ta zama malamar makaranta. A shekarar da nake ba da labari, shekaru goma bayan yaƙin duniya na biyu, wani saurayi manomi mai suna Meirion Wynne ya nemi aurenta. Gidansu Meirion gidan tumaki ne da filaye, kuma mahaifiyarsa, Misis Wynne, gwauruwa ce mai tsare gida, irin wadda in ta dube ka a coci sai ka duba ko maɓallin rigarka ya ɓalle. Aka sa biki ƙarshen watan Agusta. Idwal ya cika gari da labari. Har taken da zai busa a ƙofar coci ya zaɓa tun sanyi bai wuce ba.

Wajen watan Mayu na fara lura da shi. Wata ranar gwajin badujala ya ɗauki wani dogon sauti da ya saba riƙewa har mu gaji da jira, sai ya yanke a tsakiya. Ya sauke ƙahon yana dubansa kamar shi ya yi laifi.

"Ya dai, dattijo?" na ce. "Iskar ta ƙare ne?"

"Kai dai ji da fatar jakinka, Trefor. Ƙahon ne ke son wanki."

"Ƙaho ne ya sa wandonka ke zamewa?"

Aka yi dariya, shi ma ya yi. Amma gaskiya ce, ya ƙara huda biyu a bel ɗinsa. Abincin da Menna ke ɗaura masa, rabi yake ci ya tura mini sauran. Da la'asar jikinsa ya ɗau zafi, ya zauna yana rawar ɗari alhali kowa ya tuɓe riga. Menna ta gaya wa matata cewa kullum da safe sai ta shanya zanen gado, don gumi yake jiƙa shi sharkaf. Tari kuwa ba wani mai yawa ba, ɗan busasshe ne irin wanda kowannenmu ke yi.

Da ƙyar aka lallashe shi ya ga likitan gari, shi kuma ya tura shi asibitin ƙirji a Bangor. Ni na raka shi a bas, don an ce sabon likitan wurin Bature ne daga Ingila, ba ya jin harshenmu, Idwal kuwa Turancinsa na sayen tikiti ne kawai. Ni na yi soja, na ɗan tsinto Turancin a can.

Likitan yaro ne, dogo, sunansa Likita Ashworth. Ya liƙa hotuna biyu a jikin gilashi mai fitila. Na farko tsoho ne, wanda aka ɗauka shekarun baya lokacin da motar ɗaukar hoton ƙirji ta zo mahaƙa. Na biyu na ranar ne. Ko ni da ban san komai ba na ga bambanci. A tsohon akwai 'yan ɗige-ɗige daga sama, jefi-jefi. A sabon kuwa huhun gaba ɗaya ya cika da ƙananan fararen ƙwayoyi, daga kafaɗa har ƙasan haƙarƙari, dama da hagu, kamar an watsa su da hannu.

Likitan ya ce a littafinsu ana kwatanta irin wannan da ƙwayar gero. Na fassara wa Idwal.

"Gero? Wanda ake ba tsuntsun keji?" Ya kyalkyale da dariya har tari ya sarƙe shi. "Ka ce masa shi ya sa nake waƙa da daɗi."

Likitan bai yi dariya ba, amma bai ji haushi ba. Ya jawo kujera ya zauna kusa da mu, ya yi bayani a hankali, ina juyawa. Ya ce abubuwa da dama kan kawo irin wannan hoton. Ƙurar dutse tana kawowa. Ciwon daji da ya taso daga wani wuri a jiki ya bazu yana kawowa. Akwai wasu cututtukan da ba kasafai ake gani ba. Sannan akwai tarin fuka, irin wanda ba ya tsayawa wuri guda, sai ya faɗa jini ya watsu ko'ina.

"Ƙura ce," in ji Idwal, tun kafin in gama.

Likitan ya nuna tsohon hoton. Ya ce ƙurar tana nan, ba ya musu, ga ta a sama. Amma ƙura a hankali take aikinta, shekara da shekaru, kuma ƙwayoyinta wasu manya wasu ƙanana, sun fi taruwa a sama. Waɗannan sababbin kuwa girmansu ɗaya, sun cika ko'ina daidai, kuma ƙura ba ta sa zazzaɓi da gumin dare da rama cikin 'yan watanni. Ya ƙara da cewa huhun da ƙura ta taɓa shi ne tarin fuka ya fi samun sauƙin shiga. Yana so Idwal ya kwanta a asibiti a yi gwaje-gwaje, a fara magani. Ya ce yanzu ba kamar da ba ne, akwai allura da ƙwayoyi, ana warkewa.

Idwal ya ɗauki hularsa. "Ka tambaye shi, a wane asibiti?"

Na tambaya. Asibitin kan tudu ne, ba wani.

"Ka ce masa na gode."

Abin da ya yarda da shi kawai shi ne ya tofa majina a kwalba a gwada. Muka fito. A bas, da muka wuce gada, ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ubana ƙura, Emrys ƙura, ni ma ƙura. Abin da za ka faɗa ke nan in an tambaye ka."

"Ni ba zan yi wa Menna ƙarya ba."

"Wa ya ce ka yi ƙarya? Ba ka ji mutumin da bakinsa ya ce akwai ƙura ba?"

"Na kuma ji sauran."

"Trefor, in motar asibitin nan ta tsaya a ƙofata, kafin a ɗora tukunyar shayi labari ya kai gidan Wynne. Ka san matar nan. Ko tunkiya za ta saya sai ta tambayi kakanninta. Kana so Eluned ta tsufa tana gyara littattafan 'ya'yan wasu?"

"Ina so ta sami uban da zai riƙe mata jariri."

"Zan riƙe. A ɗaura auren tukuna."

Ranar na je na gaya wa Menna komai, a gabansa. Ta yi kuka, ta yi faɗa, ta roƙe shi, har ta ce za ta tafi gidan 'yar'uwarta ta bar masa gidan. Ya zauna kusa da murhu yana goge ƙahonsa da tsumma. Abu ɗaya ya nema: kada a gaya wa Eluned, wadda a lokacin take koyarwa a wani gari, sai ƙarshen mako take zuwa. Ya ware kofinsa da cokalinsa, ya koma kwana a ƙaramin ɗaki, ya ce wai minsharin Menna ne ya ishe shi. Wannan ya nuna mini cewa a ransa ya san gaskiya.

Sai ga sakamakon majina ya fito, ba a ga ƙwayar cutar a ciki ba. Idwal ya shigo rumfa yana taku kamar wanda ya ci gasa.

"To, Likita Trefor, sai a ce me? Kwalba ta wanke ni."

Ni ma na ji sanyi a raina. Amma Likita Ashworth bai bar maganar ba. Wata Asabar da rana ya tuƙo motarsa har Garnwen. Wani ya ba shi shawara, ya ajiye ta can bakin kanti don kada a ga motar likita a ƙofar gidan, ya ƙaraso da ƙafa. Menna ta aiko aka kira ni. Likitan ya ce irin wannan da ke bin jini sau da yawa ba ya fitowa a majina, don haka kwalba ba ta wanke kowa ba. Ya ciro wata ƙaramar fitila ya leƙa cikin idon Idwal, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce ya ga irin ƙwayoyin nan a can ƙasan idon, kuma ƙura ba ta zuwa nan. Ya ce abin da yake tsoro shi ne ciwon ya hau kai.

Menna ta yanka wa likitan burodi mai zabibi, ta shafa man shanu. Bai taɓa ba. Ya ce ko a gida ne a fara allurar, ma'aikaciyar jinya ta riƙa zuwa kullum.

"Kullum? Da kekenta da jakarta, a layin nan?" in ji Idwal. "Gara a buga a jarida. Ka ce masa mako shida. Ranar Litinin bayan biki zan zo da ƙafata, ya yi duk abin da yake so da ni."

Likitan ya dube ni ya ce, "Ka gaya masa ba ni da tabbacin yana da mako shida." Na gaya masa. Idwal ya miƙa wa likitan hannu, ya raka shi har ƙofa, ya kuma yaba takalminsa.

Ya daina zuwa aiki a watan Yuli. Aka fito masa da kujera ƙofar gida, masu wucewa suna ɗaga hula. Misis Wynne da kanta ta aiko da cinyar rago da zuma, ta ce a gaishe da mai ƙura. Eluned ta ga ramar, ta tambaya, aka ce mata ƙura, ta yarda, don ta ga kawunta Emrys a kan irin wannan kujerar.

Ranar biki aka yi rana mai kyau. Kwat ɗin Idwal ta yi masa yawa har Menna ta kama ta da allura ta baya. Ya riƙe hannun 'yarsa ya kai ta gaban coci, a hankali, kamar da gangan yake jan tafiyar. Da aka fito muka jeru a bakin ƙofa, ya karɓi ƙahonsa. Na ce masa ya bari wani ya busa. Ya harare ni. Ya busa taken nan tun daga farko har ƙarshe, bai yanke ko sau ɗaya ba, ban san inda ya samo numfashin ba. Da ya sauke ƙahon, leɓensa ya yi fari. A wurin cin abinci na gan shi ya rufe ido da tafin hannu, ya ce hasken taga ne ke sokar masa kai. Ashe ya kwana uku da ciwon kan, bai faɗa ba.

Bai kai Litinin ɗin ba. Washegari Lahadi da hantsi Menna ta kai masa shayi, ta tarar wuyansa ya sandare, yana kiran ta Gwenda. Motar asibiti ta zo ta tsaya daidai ƙofar gidan, duk layin yana kallo.

An ɗebi ruwan bayansa aka gwada, a nan aka ga ƙwayar cutar. Ciwon ya hau kai, ya zama sanƙarau. Ya yi makonni bai san inda yake ba. Suka yi ta yi masa allura, a cinya, har da ta ƙashin baya. Aka ɗauki hoton Menna da Eluned da nawa, duk ba a ga komai ba. Da sanyi ya shigo ya fara gane mutane, kafin bazara ya fara takawa. Sabon hoton da aka ɗauka ya nuna ƙwayoyin nan sun ɓace, sai tsofaffin na ƙura a sama. Likita Ashworth ya cika alkawarinsa, an warke. Amma tsakanin ciwon da ya taɓa kai da yawan allurar da ta zama dole, kunnuwan Idwal sun mutu, duka biyun. Likitan ya ce da an fara tun watan Yuni, da wuya a kai ga haka. Bai faɗa da gori ba. Menna ce ta tambaye shi, ya ba ta amsa.

Na je duba shi a asibitin kan tudu, na tafi da guntun dutsen rufi da alli, don ta haka kaɗai ake magana da shi. Muna zaune a baranda sai ga Eluned, da ciki ya fara fitowa, Misis Wynne na biye da ita cikin baƙar hula. Idwal ya ja bargo har wuya, ya rasa inda zai sa idonsa. Matar ta zauna, ta cire safar hannu, ta karɓi allon daga hannuna. Ta daɗe tana rubutu, ta goge, ta sake. Sannan ta miƙa masa. Ina gefensa, na karanta: "Mijina ma wannan ciwon ne ya kashe shi. Mun ce wa mutane zuciya ce. Da kun faɗa mini, da ni zan kawo ka nan da kaina."

Idwal ya karanta, ya sake karantawa. Ya ɗaga kai ya dubi matar, ya dubi 'yarsa. Ya buɗe baki, muryar ta fito da ƙarfi fiye da kima, kamar yadda ta kurame ke yi, har marasa lafiyar da ke can ƙarshen baranda suka waiwayo.

"To ashe a banza!"

Eluned ta durƙusa ta kama hannunsa. "Tada," ta ce, wato Baba a harshenmu, ta manta ba ya ji, "Tada, wa ya ce maka ina son aure fiye da kai?" Ya ga bakinta na motsi, ya juyo gare ni in rubuta masa. Na rubuta. Ya karanta, ya juya fuska wajen tsauni.

Ya dawo gida bayan shekara ɗaya da 'yan watanni. Bai koma mahaƙa ba, don kurma ba ya jin ƙahon gargaɗi idan za a fasa dutse. Aka ba shi shara da kula da ɗakin gwajin badujala. Yakan goge kayan busa har su yi ƙyalli, ya jera kujeru, idan muka fara sai ya zo ya tsaya kusa da ni ya ɗora tafinsa a jikin gangata, don ita kaɗai yake ji a hannunsa. Wani lokaci ya daka mini tsawa wai ina sauri. Yawanci yana da gaskiya. Sau ɗaya, farkon dawowarsa, ya gwada busa ƙahonsa a bayan gida. Menna ta ce sautin ya fito a karkace, karnukan layi suka ɗauki haushi. Ya ga fuskarta ta taga, ya gane. Ya mayar da shi akwati, daga baya ya ba wani saurayi a ƙungiyar.

Gardamar ɗakin shayi ita ma ta ƙare masa. Kafin a rubuta masa abin da aka ce, an wuce wurin, amsarsa ta zo a makare, mutane su yi murmushin ladabi. A hankali ya rage magana. Eluned ta haifi 'ya'ya uku, ya riƙe kowannensu kamar yadda ya ce zai yi. Yakan kafa wa bakinsu ido in suna kuka ko dariya, ya tambayi Menna, "Muryar wa ta ɗauko?" Menna ta rubuta masa. Babbar jikar tana da murya, har ta ci gasar waƙa ta yara a Caernarfon. Ya je, ya zauna a layin gaba, ya tafa lokacin da ya ga ana tafawa.

Ya yi shekara goma sha ɗaya a haka. A ƙarshe ƙurar ce ta zo ta same shi, a hankali, yadda ta saba. Tarin fukan bai taɓa dawowa ba. Ziyarata ta ƙarshe na tarar da shi a gado an tokare shi da matasai, numfashi na fita da ƙyar. Na rubuta masa labarin gari, wanda ya mutu, wanda ya yi aure, da maganar da ake yi cewa za a rufe mahaƙa. Ya karanta ya gyaɗa kai. Sai ya ce wani saurayin layinsu, ɗan gidan Huws, yana ta rama, ya gan shi ta taga, kuma uwarsa na cewa sanyi ne.

"Ka je ka kama kunnensa ka kai shi Bangor," ya ce. "In ya ƙi, ka kawo shi nan ya gan ni."

Na kai yaron a makon. Idwal ya rasu kafin sakamakon ya fito. Muka busa masa a maƙabarta cikin yayyafi, Menna ta tsaya har muka gama, sannan ta ce mu zo gida a sha shayi.